Tafiya da ɗan jagora zuwa sansanin gindin Everest: kwana tara ko kwana goma sha huɗu?

Abban Hafsa

Assalamu alaikum. Ni mutumin Kaduna ne, shekaruna 46, kuma shekara shida ke nan ina aiki a Doha, inda yawancin abokan aikina 'yan ƙasar Nepal ne. Hirar da muke yi da su ce ta sa mini sha'awar zuwa sansanin da masu hawan dutsen Everest suke kafa tantunansu a gindinsa. Ba hawan dutsen nake nufi ba, domin na san wannan sai masu kuɗi da ƙwarewa. Tafiyar ƙafa nake so in yi daga garin Lukla zuwa sansanin in dawo.

Na tuntuɓi kamfanoni biyu a Katmandu. Ɗaya ya ba ni tsarin kwana goma sha huɗu tare da ɗan jagora da ɗan dako, ɗayan kuma ya ce kwana tara sun ishe ni, za a dawo da ni daga sama a jirgi mai saukar ungulu, kuma hutuna na shekara ba shi da yawa, don haka zuciyata ta fi karkata ga na biyun. Ina motsa jiki kusan kullum, ina iya gudun kilomita goma ba tare da tsayawa ba, kuma na taɓa yin mako guda ina yawo a ƙafa a tsaunin Mambila. Shin mai ƙarfi irina yana buƙatar waɗannan kwanakin hutu da ake sakawa a tsakiyar tafiya, ko kuwa dabara ce kawai ta ƙara kuɗi? Shin ɗan jagora wajibi ne? Sannan ina so in ji yadda Musulmi yake yi da abinci da salla a ƙauyukan Sherpa, ƙabilar da ke zaune a yankin. Allah ya saka wa duk wanda ya amsa da alheri.

Tsohon Matafiyi

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi wannan tafiya a watan Nuwamba wata shekara da ta wuce, kuma amsata a taƙaice ita ce ka ɗauki tsarin kwana goma sha huɗu, ko kuma ka ɗaga tafiyar zuwa shekarar da za ka sami isasshen hutu.

Nisan hanyar ba shi ne abin dubawa ba, domin zuwa da dawowa gaba ɗaya bai fi kimanin kilomita 130 ba, wanda ga mai gudun kilomita goma ba wani abu ba ne. Tsayin wurin ne matsalar. Jirgi zai sauke ka a Lukla, kimanin mita 2,850 sama da teku, wato tun ranar farko ka riga ka wuce Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Najeriya, mai mita 2,419. Ranar farko gangara ce mai daɗi zuwa Phakding a bakin kogin Dudh Koshi, wadda take yaudarar mutum ya ɗauka haka tafiyar take. A rana ta biyu za ka shiga gandun Sagarmatha, wato keɓaɓɓen yankin da Everest yake ciki, a ƙauyen Monjo, ka ƙetare doguwar gadar igiyar ƙarfe mai lilo, sannan ka kama hawan da ba ya ƙarewa zuwa Namche Bazaar, mai mita 3,440, kasuwa kuma babban garin Sherpa na yankin Khumbu. A nan ake kwana biyu. Daga nan sai Tengboche mai kimanin mita 3,860, sai Dingboche mai mita 4,410 inda ake sake kwana biyu, sai Lobuche, sai Gorak Shep, wanda shi ne masauki na ƙarshe, daga nan a taka zuwa sansanin mai mita 5,364.

Waɗannan kwanaki biyu na Namche da Dingboche su ne masu gajeren tsari sukan fara ragewa, kuma su ne jigon tafiyar. Ba kwanciya ake yi a cikinsu ba: ɗan jagora zai hau da kai wani tudu na ɗaruruwan mitoci da safe, ya dawo da kai ka kwana a ƙasa, domin jiki ya ɗanɗani sama kafin a kai shi ya kwana a can.

A ayarinmu akwai wani saurayi ɗan ƙwallo wanda ya fi kowa ƙarfi, kullum shi ne kan gaba, yana isa masauki sa'a guda kafin mu. Ɗan jagoranmu, wani dattijo ɗan ƙauyen Khumjung, bai cika magana ba, amma ya yi ta ce masa ya rage sauri. A Lobuche saurayin ya kasa cin abincin dare, da asuba kuma ya fito yana tangaɗi kamar mai maye. Dattijon ya zana layi a ƙasa ya ce ya bi, ya kasa, nan take ya haɗa shi da ɗan dako suka gangara da shi Pheriche, inda akwai ƙaramin asibitin agaji na masu tafiya, duk da saurayin yana ta rantsuwa cewa lafiyarsa ƙalau. Ni kuwa, da tumbina da shekaruna hamsin da ɗoriya, na isa sansanin ina ja da ƙafa a bayan kowa. Abin da kake biyan ɗan jagora kuɗi dominsa ke nan, domin hanyar a fili take, ko yaro ba zai ɓata ba a lokacin da mutane suka yi yawa. Kafin ka biya, ka tambayi kamfanin ko ɗan jagoran yana da ikon mayar da kai baya ba tare da an zaftare masa albashi ba.

Wani abu da ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne, daga sansanin kansa da ƙyar ake hango ƙolin Everest, domin wasu duwatsu sun tare shi. Daga tudun Kala Patthar da ke saman Gorak Shep ake ganinsa sosai, kuma idan ka je a kaka, sansanin fili ne na duwatsu da ƙanƙara kawai, tunda yawancin masu hawa a Afirilu da Mayu suke kafa tantuna. Ka kuma bar kwana biyu a ajiye saboda jirgin Lukla, wanda titinsa mita 527 ne kacal a kafaɗar dutse, kuma da zarar gajimare ya sauko an rufe shi. Mu kwana biyu muka yi muna jira. A lokacin cunkoso ma jiragen sukan tashi ne daga Ramechhap, tafiyar sa'a huɗu zuwa biyar a mota daga Katmandu, a tsakar dare.

Likita Bakano

Malam Abban Hafsa, na goyi bayan abin da Tsohon Matafiyi ya faɗa, kuma zan ƙara dalilinsa ta fuskar likitanci. A tsayin sansanin, iskar oksijin da mutum yake samu a kowane numfashi kusan rabin wadda yake samu a Doha ce, tunda Doha a bakin teku take. Jiki yana iya sabawa, ta hanyar ƙara numfashi da wasu sauye-sauye a jini, amma wannan sabo kwanaki yake ɗauka, kuma ƙarfin ƙafa ko na zuciya ba ya hanzarta shi. Shi ya sa ƙa'idar da likitoci suke bi ita ce, da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya fi na jiya da sama da mita 500, kuma a ƙara kwana a wuri ɗaya bayan kowane kwana uku ko huɗu. Ka ɗauki tsarin da aka ba ka ka lissafa wuraren kwanan da kanka. Dawowa a jirgi ba laifi ba ne ga lafiya, domin sauka ba ta cutarwa. Abin tsoro shi ne a matse kwanakin hawa.

Ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci su ne alamun farko, kuma mai su bai kamata ya ƙara hawa ba sai sun wuce. Idan mutum ya fara haki alhali yana zaune, ko tari mai kumfa, to ruwa ne yake taruwa a huhu; idan kuma ya fara tangaɗi ko ruɗewa, ƙwaƙwalwa ce take kumbura. Dukansu biyun suna iya kisa cikin sa'o'i, kuma babban maganinsu sauka ne nan take, ko da dare ne. Akwai ƙwayar Diamox da take taimaka wa jiki sabawa, amma ka nemi shawarar likitanka kafin ka sha.

Tambayar da nake so in yi maka, wadda mai yiwuwa babu kamfanin Katmandu da zai yi tunanin yi maka ita, ita ce: ka san rukunin jininka na sikila? Mutanenmu da yawa AS ne, suna rayuwarsu lafiya lau ba su taɓa jin komai ba, amma a wurare masu tsayi sosai an sha samun masu AS da jini ya toshe musu a saifa, sai su kamu da matsanancin ciwo a hagun cikinsu ta sama, musamman idan an haɗa da wahala da ƙarancin ruwa a jiki. Idan ba ka taɓa gwadawa ba, ka gwada kafin ka biya ko sisin kwabo. Mai SS ko SC kuwa, wannan tafiya ba tasa ba ce. Ka kuma tabbata inshorarka ta ambaci tafiyar ƙafa har tsayin mita 6,000 da ɗauka a jirgin ceto, domin inshorar tafiya ta yau da kullum ba ta kaiwa nan.

Maman Yusra

Likita da Tsohon Matafiyi sun gama da batun kwanaki, don haka zan amsa ragowar tambayar, tunda ni da maigidana mun yi tafiyar a watan Afirilu, ko da yake ni a Dingboche na tsaya.

Batun abinci ya fi sauƙi fiye da yadda kake tsammani, domin Sherpa mabiya addinin Buddha ne kuma ba a yanka dabba a Khumbu. Duk naman da za ka gani a masauki daga ƙasa 'yan dako suka goyo shi kwanaki ba tare da firji ba, saboda haka ko ba don halal ba, masu hankali ba sa taɓa shi. Abincin hanya shi ne dal bhat, wato shinkafa da romon wake da ganye, wanda ake ƙara wa mutum har ya ƙoshi, sai dankali da ƙwai da taliya. Mun tafi da yaji da dabino, sun kuwa yi mana rana. Salla ba mu sami matsala da kowa ba, mun yi ƙasaru a ɗakinmu, alƙibla kuma tana yamma. Wahalar alwala ce, domin da asuba ruwan bokiti daskarewa yake yi, ruwan zafi kuma sayensa ake yi, farashinsa yana hawa yadda kake hawa. Ɗakin kwana ba shi da ɗumi ko kaɗan. Murhu ɗaya ne a ɗakin cin abinci, wanda a can sama da busasshen kashin yak ake hura shi, wato shanunsu masu dogon gashi. Juma'a kuwa sai a Katmandu, inda akwai masallatai biyu kusa da juna a gefen hasumiyar agogo ta Ghantaghar.

Inda nake so in ɗan gyara wa mutanenmu shi ne yadda muke kiran duk wanda ya ɗauki kaya Sherpa. Sherpa ƙabila ce mai harshenta, wadda kakanninta suka ƙauro daga gabashin Tibet ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kuma a yau yawancinsu a wannan hanya su ne masu masaukai da jagorori. Masu dakon sau da yawa 'yan wasu ƙabilu ne daga ƙasa, irin su Rai da Tamang, waɗanda tsayin yake wahalar da su kamar yadda yake wahalar da kai. Ka tambayi kamfanin nauyin da ɗan dakonka zai ɗauka, da inda zai kwana, da ko yana da inshora, domin arhar da ake yi maka a kan wuyansa take sauka. A hanya za ka riƙa cin karo da tarin duwatsu masu rubutun addu'o'insu. Al'adarsu ita ce a bi ta hagunsu, a bar su a dama, kuma ba a zama a kansu. Mu ba mu shiga ibadar kowa ba, amma wucewa ta gefen da suke so bai rage mana komai ba. Idan ayarin yak ya taho, ka raɓe ta jikin dutse, kada ka tsaya ta bakin rami.

A ranar hutun Namche ka roƙi ɗan jagoranka ya bi da kai Khumjung ka ga makarantar da Edmund Hillary ya gina a 1961, shekara takwas bayan shi da Tenzing Norgay sun kai ƙolin dutsen a 1953. A wurina wannan rana ta fi duk sauran.

Abban Hafsa

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Likita, tambayarka ta tsaya mini a rai, domin ƙanena AS ne, ni kuma ban taɓa gwadawa ba, don haka gobe zan je asibiti. Na kuma lissafa tsarin kwana taran kamar yadda ka ce, sai na ga sun cire hutun Dingboche gaba ɗaya, na rubuta musu cewa na fasa.

Wani abu da na gano jiya, wanda zai amfani duk mai fasfo irin nawa: Najeriya da Ghana da Kamaru suna cikin ƙasashen da Nepal ba ta ba su biza a filin jirgi, dole a karɓa daga ofishin jakadanci kafin a tashi. Maman Yusra, don Allah ki tambayar mini maigida, kwana nawa takalmansa suka ɗauka kafin su saba da ƙafarsa, kuma a Katmandu ya yi hayar rigar sanyi da buhun kwanciya ko daga gida ya tafi da nasa?