Wai Indiya ba yare ɗaya suke ba ne? Na sha kunya a Chennai

Abban Khadija:
Salam 'yan'uwa. Don Allah waɗanda suka zauna Indiya a warware min wannan. Watan jiya na raka yayana asibiti a Chennai, tun a jirgi nake cika baki wai ni ne tafinta saboda ɗan Indiyancin da na tsinta a fim tun ina yaro. Muna sauka na tari mai adaidaita na ce masa "kitna paisa", wato nawa ne, bawan Allahn nan ya dube ni sama da ƙasa ya kaɗa kai ya amsa min da Turanci, yayana duk da ciwon da ke cinsa sai da ya yi dariya har da riƙe ciki. Sati uku muka yi haka. Rubutun allunan titi ma daban ne, duk a nannaɗe, ba irin mai layi a sama da na saba gani a farkon fim ba. Ba ƙasa ɗaya ba ce?

Ɗalibin Hyderabad:
Hhhh Abban Khadija sannu, ai ka kai kayanka kasuwar da ba a saye. Abin da muke kira Indiyanci sunansa Hindi, yaren arewa da tsakiyar ƙasar ne, kai kuma jihar Tamil Nadu ka sauka can ƙuryar kudu, yarensu Tamil, kuma ko dangi ba su haɗa da Hindi ba. Tamil da Telugu da Kannada da Malayalam gidansu ɗaya, Hindi gidansa daban.

Indiya jihohi 28 gare ta da yankuna 8 da ke ƙarƙashin gwamnatin tarayya, kuma yawancin iyakokin jihohin nan bisa yare aka shata su. Da suka sami 'yanci a 1947 taswirar a hargitse take, ga lardunan da Turawan Birtaniya suka bari ga masarautu sama da 500 kowanne da sarkinsa. Masu Telugu a lokacin suna cikin jihar Madras (Madras tsohon sunan Chennai ne) tare da Tamilawa, suka ce a ba su tasu aka ƙi, sai wani dattijo Potti Sriramulu ya shiga yajin cin abinci kusan wata biyu har ya rasu a Disambar 1952, gari ya rikice, ba shiri firaminista Nehru ya amince aka ba su jihar Andhra a 1953. To ka san in aka ba ɗaya. A 1956 aka yi doka aka sake yanka ƙasar kusan gaba ɗaya bisa yare, a 1960 aka raba jihar Bombay gida biyu, Maharashtra ta masu Marathi da Gujarat ta masu Gujarati, a 1966 aka ɓalle Haryana daga Punjab.

Kuma mutanen da ka je wa ɗin su ne suka fi kowa zafi a kan maganar. A 1965 da aka zo mayar da Hindi kaɗai yaren gwamnatin tarayya, ɗalibai a Madras suka fito zanga-zanga har aka rasa rayuka, shi ya sa har yau Turanci yake nan tare da Hindi. Mai adaidaitan naka ƙila ma ya gane abin da ka ce sarai, ra'ayi ne kawai bai yi ba.

Maman Ilham:
Malam in da sauran rufi, kuɗin Indiya, a aljihunka ɗauko takarda ɗaya ka juya bayanta, akwai ɗan akwati da aka rubuta adadin kuɗin da yare 15, ban da Hindi da Turanci. Ni a Kerala na yi jinyar mahaifiyata, wlh sai ka ce wata ƙasar. Ko ina kore shar, bishiyar kwakwa iya ganinka, ruwan sama daga farkon watan Yuni ba ƙaƙƙautawa, komai da man kwakwa suke dafawa, shinkafa da kifi safe da dare. Ga musulmi da yawa ga kirista, nas ɗin da take duba Hajiya ta ce min tun zamanin da Larabawa suke zuwa sayen masoro ta teku musulunci ya shigo musu. Maza kuma zani suke ɗaurawa su naɗe shi zuwa gwiwa su hau babur abinsu, ranar farko kau da kai na dinga yi.

Baba Manu:
Ɗalibi ka yi bayani amma kar a tafi da cewa yare ne kaɗai. Kai da kake Hyderabad ai ka fi ni sani, Telangana da aka cire daga Andhra Pradesh a 2014 duka ɓangarorin Telugu suke yi. Rigimarsu ta ruwan noma ce da kuɗi da guraben aiki, da kuma tarihi, don su Telangana ƙarƙashin sarkin Hyderabad da ake kira Nizam suka zauna har 1948, mutanen bakin teku kuma ƙarƙashin Turawa. Haka uku da aka ƙirƙira a 2000, Jharkhand da Chhattisgarh da Uttarakhand, koken an bar su a baya ne ya haife su. Sannan masu Hindi ai ba a dunƙule su jiha ɗaya ba, da ta haɗiye ƙasar. Uttar Pradesh ita kaɗai a ƙidayar 2011 mutum kusan miliyan 200 ne, alhali Goa da Fotugal ta riƙe har 1961 ba ta kai miliyan 2 ba, kuma kowacce jiha sunanta.

Ɗalibin Hyderabad:
Gaskiya ne Baba, na karɓi gyara. Nan Hyderabad ma da Abban Khadija ya zo da Indiyancinsa ya ci kasuwa, don Urdu ya zauna a garin tun zamanin Nizam kuma a baki kusan ɗaya suke da Hindi. Abin dariyar ma Mumbai da ake yin finafinan da suka koya masa yaren, yaren jihar Marathi ne.

Abban Khadija:
Kai jama'a, ashe shekara talatin ɓangare ɗaya nake kallo ina cewa na san Indiya. Na gode ƙwarai. Likita ya ce mu koma a Nuwamba a sake duba shi, me zan ce wa mai adaidaitan nan in wanke kaina?

Ɗalibin Hyderabad:
Ka ce masa "wanakkam", sallamarsu ke nan, in ka sauka ka ce "nandri" wato na gode, za ka ga haƙora. Sauran ka yi da Turanci. Kuma ku tafi da lema da takalmin roba, Chennai ba ta bin sauran ƙasar a damina, nata ruwan daga Oktoba zuwa Disamba yake sauka kuma tituna suna cika. Allah ya ba Yaya lafiya.