An shafa wa layinmu jan fenti: waɗanda aka taɓa yi wa rusau a Gombe, yaya kuka ƙare?

Magidanci daga bakin kwari:
Assalamu alaikum. Makon jiya ma'aikata suka shigo layinmu da awo, suka shafa jan fenti a bangon gidaje, aka ce za a faɗaɗa lungun ya zama titi, a gina magudanar ruwa, a kuma sake fasalin unguwar. Ba na musun cewa unguwar ta lalace, domin duk damina kwarin da ke bayanmu sai ya ci wani abu, kuma mota ba ta iya shiga ko da mara lafiya za a ɗauka. Damuwata ita ce gidan gado ne, ba mu da wata takarda sai shaidar mai unguwa. Ina roƙon waɗanda suka ga irin wannan su gaya mana yadda ta kasance.

Dattijo, tsohon ma'aikacin ƙasa da safiyo:
Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi shekaru ina wannan awon, kuma abin da ya fi jawo rigima shi ne mutane suna zaton za a biya su kuɗin fili. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, saboda haka idan aka karɓi wuri don amfanin jama'a, abin da aka ɗora a kansa ake biya, wato gini, katanga, rijiya da itatuwa, kuma ana rage kuɗin ginin gwargwadon tsufansa. Shi ya sa mai gidan laka a tsakiyar gari yakan karɓi diyyar da ba za ta saya masa filoti ba ko a bayan Tumfure da ke gefen gari. Amma rashin satifiket na mallakar fili kada ya tsorata ka, domin dokar ta ɗauki wanda ya riga ya yi gini a cikin birni kafin 1978 tamkar mai izinin zama. Ranar ƙidaya ka tsaya da kanka, ka ga an rubuta kowane ɗaki da kowace bishiya, ka ɗauki hotuna.

Uwar marayu, 'yar haya:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai mu 'yan haya babu wanda ya rubuta sunanmu. Mai gidan ya karɓi diyyarsa, ni kuwa da na biya hayar shekara sai da dattawan masallaci suka sa baki kafin ya mayar mini da rabi. Na koma gefen gari inda haya ke da sauƙi, amma ƙosan da nake soyawa a ƙofar gida ya mutu, tunda masu sayensa suna can inda na baro, kuma kuɗin keke napep na kai yara makaranta ya cinye ragin da na samu.

Malamin makaranta:
Ni zauren gidanmu kawai aka yanke, kuma ban yi da-na-sani ba. Wanda ya ga ambaliyar 2004 ya san abin da ruwa ke yi a garin da ke cikin kwari, ƙasarsa kuma yashi ce. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 mutane suka yi ta gini a kan hanyar ruwa ba tare da tsari ba. Yanzu an ɗaure kwarinmu da kankare, muna barci ko ana tsawa. Abin da ban zata ba shi ne, kwalta na zuwa sai dillalai suka biyo ta, maƙwabtana uku suka sayar, gidajensu sun zama shaguna, har sahun sallar asuba ya ragu.

Magidanci daga bakin kwari:
Allah Ya saka da alheri. Baba, saura tambaya ɗaya: mu magada bakwai ne, biyu suna Kano. Da sunan wa za a rubuta diyyar?

Dattijo:
Ku je kotun shari'a tun yanzu a tabbatar da magada, ku wakilta mutum ɗaya a rubuce, kowa ya sa hannu, har da mata.