Ɗan kurciyar da ya faɗo daga sheƙa: abin da jama'a suka ce

Wani ya tambayi yadda za a yi da ɗan kurciyar da ya faɗo daga sheƙa, jama'a suka yi ta ba da amsa. To na bi maganganun duka, ga abin da na tattaro wa mai tambaya.

1. Kusan kowa ya ce a fara duba sheƙar, in ana iya kaiwa a mayar da shi kawai. Zancen wai uwar za ta ƙi shi don an taɓa shi ba gaskiya ba ne. In kuma ya yi gashi yana ɗan tsalle, ƙyale shi, iyayen na kusa, mage dai za ka kora.

2. In ba a iya mayar da shi ba, ɗumi kafin abinci. Kwali, tsumma, kwalbar ruwan ɗumi a gefe. Wanda jikinsa ya yi sanyi abinci ba ya narke masa.

3. Kar a ba shi madarar shanu, kar a ɗura masa ruwa a baki, shaƙewa yake ya mutu.

4. Nan aka fi daɗewa, ɗan kurciya ba ya hangame baki kamar 'ya'yan wasu tsuntsaye, shi bakinsa yake cusawa cikin na uwar ya zuƙa, shi ya sa wasu suka ce a yanke kan sirinji a zuba kunun gero mai ɗan ɗumi ya sa baki da kansa, in ya girma a koma jiƙaƙƙen gero.

Inda aka rabu: wasu sun ce a tauna gero a ba shi baki da baki yadda ake wa 'ya'yan tattabara, wasu suka ce cuta ake ɗauka. Ni kam sirinjin na zaɓa.

Sakinsa ma an yi gardama, masu cewa a riƙe a keji ba su da yawa.