Hank Aaron ko Barry Bonds, wane ne sarkin hom ron na gaskiya?

ɗan_fagge_atl:
Assalamu alaikum jama'a. Ni ɗan ƙwallon ƙafa ne, besbol ɗin nan da ƙyar nake gane kanta, amma a nan Atlanta duk inda ka juya sunan Hank Aaron ne, titi da sunansa, gunki a filin wasan Braves, har lambar rigarsa 44 sun ajiye ba mai sawa. Na duba na ga Barry Bonds ya fi shi hom ron, 762 shi kuma 755. To me ya sa abokan aikina in na ce Bonds sai su ɓata rai? Son kai ne na 'yan gari ko akwai wata a ƙasa?

baba_mai_rediyo:
Wa alaikumus salam ɗana. Akwai wata a ƙasa kam. Hom ron dai shi ne ka maka ƙwallo da sanda ta tsallake katangar fili, ka zaga ka dawo gida ba mai taɓa ka. Abin da ya sa ake ji da Aaron shi ne bai taɓa buga 50 a kaka ɗaya ba, mafi yawansa 47 ne a 1971, amma daga 1954 har 1976 kusan kullum yana nan, bana 30 da wani abu, baɗi 40, haka ya tara su kamar mai adashe. Kuma ba ƙato ba ne, ƙarfin a wuyan hannu yake, sai ƙwallo ta kusa wuce shi sannan ya fizgo sanda. Ka cire hom ron ɗinsa 755 gaba ɗaya, har yanzu yana da bugu mai kyau sama da 3,000, don jimillarsa 3,771 ne.

Sai kuma abin da ya sha. Baƙar fata ne ɗan Mobile a jihar Alabama, da ƙungiyar baƙaƙe ta Indianapolis Clowns ya fara a 1952 kafin Braves su ɗauke shi. Ya gama kakar 1973 da 713, saura ɗaya ya kamo Babe Ruth mai 714, wanda ya fi kowa a lokacin, to duk hutun nan wasiƙun zagi da barazanar kisa ake aiko masa don kawai baƙi zai wuce bature, har ɗan sanda aka haɗa shi da shi yana gadinsa. Ranar 8 ga Afrilu 1974 ya buga ta 715 a kan Al Downing mai jifa na ƙungiyar Dodgers, yana zagaye wasu samari biyu turawa suka diro fili suka bi shi a guje, ashe murna suke, amma ka ƙiyasta yadda gaban iyalinsa ya faɗi. Nemi bidiyon ka ga yadda mahaifiyarsa ta rungume shi ta ƙi saki.

Hajiya_Giants:
Baba da girmanka amma a yi wa Bonds adalci mana. Kowa sai ya ce ƙwayoyin ƙara kuzari, BALCO kamfanin da aka kama yana ba 'yan wasa su, shi ke nan an rufe littafi. Mutumin nan tun yana siriri a Pittsburgh ya ci gwarzon shekara 1990 da 1992, ya koma San Francisco ya ƙara a 1993, duka bakwai ya ci kuma ba wanda ya kai haka. A 2004 sau 232 masu jifa suka bar shi ya wuce zangon farko ba tare da ya buga ba, 120 daga ciki da gangan saboda tsoro wlh. Allura tana ƙara ƙwanji amma ba ta koya wa mutum ganin ƙwallo. Kuma zamanin nasa su McGwire da Sosa da su ma aka zarge su da ƙwayoyin fa? Hukuncin da kotu ta yi masa a 2011 kan kawo cikas ga binciken ƙwayoyin ma an soke shi a 2015.

baba_mai_rediyo:
Hajiya ai nan ne abin takaicin, ba ya buƙatar komai amma ya je ya jawo wa kansa zargi. Mutum yana shekara 37 ya buga 73 a 2001 alhali kafin nan bai taɓa kai 50 ba, dole a ɗaga gira. Shekara goma 'yan jarida na kaɗa ƙuri'ar shiga zauren gwaraza na Cooperstown, ana neman kashi 75, ya ƙare da 66 a 2022. Shi kuwa Aaron da aka wuce shi a watan Agusta 2007 saƙon bidiyo ya aika na taya murna, bai je filin ba dai.

Sule_Tokyo:
Kuna ta faɗa a kan 755 da 762, Sadaharu Oh na Yomiuri Giants 868 gare shi a Japan hhh. Na san za ku ce gasar ba ɗaya ba ce.

ɗan_fagge_atl:
Kai Sule kar ka ƙara rikita ni. Na gode Baba, na gode Hajiya, gobe a wajen aiki zan jefa musu maganar 232 ɗin nan in ga yadda za su yi, in sun kore ni daga teburin cin abinci ke za ki ciyar da ni.