Gilashin wayata ya fashe, masu inshora sun ce sai na fara biya, ya zan yi?

Ummu_Haidar:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sani ku taimaka min. Shekaranjiya wayata ta suɓuce daga hannuna a kan matakala, gilashin ya tsage tun daga kusurwar sama har ƙasa, ga wani baƙin tabo kamar tawada da yake ta bazuwa a gefe, rabin sikirin ko na taɓa baya amsawa. Ina da inshora a kanta, wata 9 kenan ana cire min kuɗi ban taɓa fashi ba. Da na kira su sai suka ce in cike fom in turo rasit da lambar IMEI (wato lambar shaidar wayar) da hotuna, wai kuma sai na fara biyan wani kaso daga aljihuna kafin su taɓa wayar. To abin da ya ɗaure min kai, in dai zan sake biya meye amfanin wanda ake cire min duk wata? Ga ƙanina yana ta matsa min in ba mai gyara ya canja gilashin yau yau, daga baya in kai musu rasit su mayar min da kuɗina. Wallahi raina a jagule yake, duk harkokina a cikin wayar nan suke.

Abba_Sikirin:
Wa alaikumus salam Yaya. Don Allah don Annabi kar ki bi shawarar ƙanin naki. Da zarar wani hannu da ba nasu ba ya buɗe wayar nan kin ba su hujjar da za su ƙi biyanki, kuma suna ganewa, domin gam ɗin da ke riƙe da gilashin da 'yan ƙananan sukurorin ciki duk suna nuna an taɓa. Yawancin takardun inshora sun rubuta ƙarara cewa wurin gyaran da suka amince da shi kaɗai za a kai.

Kason da suka ce ki biya ba zalunci suka ƙirƙiro miki ke kaɗai ba, haka tsarin yake, duk lokacin da mutum ya nemi a biya shi akwai ɗan abin da yake ɗauka da kansa su kuma su ɗauki sauran, ki duba takardar da kika sa wa hannu za ki ga adadin, sau da yawa na fashewar gilashi ya fi na canja waya gaba ɗaya sauƙi. Abin yi shine ki tambayi kuɗin sabon sikirin na asali ki kwatanta. IMEI kuma lamba 15 ce, ki danna *#06# za ta fito, in sikirin ya ƙi to tana jikin kwalin wayar.

Baban Yusra:
Hajiya ni abu ɗaya zan roƙe ki, ki faɗa musu gaskiyar yadda abin ya faru kuma ki tsaya a kan magana ɗaya, abin da kika faɗa a waya shi za ki rubuta a fom, rana da lokaci da wuri. Ni ya taɓa faruwa da ni kuma har yau yana min ciwo. Tawa ruwa ta faɗa, na tsamo ta na goge ta ci gaba da aiki kwana 2 sannan ta mutu, sai wani ya ce min in ce kawai haka na tashi na ganta ba ta kunnuwa. Na bi maganarsa. Ashe akwai wata 'yar alama fara a cikin ramin da ake sa sim, ruwa na taɓa ta sai ta koma ja, ma'aikacin ya haska da ɗan tocila ya juyo min da wayar na gani da idona, jawur. Suka rufe fayil ɗin saboda bayanina ya saɓa da abin da suka gani, alhali takardata ta haɗa har da lalacewar ruwa, da na faɗi gaskiya da an biya ni.

Mutane da yawa kuma suna haɗa garanti da inshora. Garantin kamfani, wanda galibi shekara 1 ne, na matsalar da waya ta zo da ita daga masana'anta ne, ba ruwansa da faɗuwa ko ruwa, ko da an rubuta IP68 a kwalin, wato alamar cewa wayar tana jure ruwa da ƙura.

Zee_Maryam:
Kar ki yi sanya fa, akwai wa'adin kwanaki da suke bayarwa na kai rahoto, ya wuce shikenan. Sannan kafin ki miƙa ta ki kwashe hotunanki da lambobinki da WhatsApp tun rabin sikirin yana aiki, tabon nan ƙaruwa yake yi, ki cire sim da memori. In iPhone ce sai kin kashe Find My (tsarin gano inda waya take in ta ɓace) in ba haka ba ba za su karɓa ba, in Android ce ki cire asusunki na Google. Ki ɗauke ta hoto gaba da baya da gefe da wata wayar kafin ta bar hannunki.

Ummu_Haidar:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na nemo kwalin har rasit ɗin yana ciki, duk da rubutun ya fara gogewa. Amma in suka ce ba ta gyaruwa sabuwa za su ba ni?

Abba_Sikirin:
Ba lallai ba Yaya, da yawa wadda aka gyara aka sabunta suke bayarwa, iri ɗaya da taki ko mai kama da ita, wani lokaci ma kalar ta bambanta, shi ma yana rubuce a takardar. Rasit ɗin ki ɗauke shi hoto yanzu kafin ya ƙarasa gogewa. Kuma duk wanda kika yi magana da shi ki rubuta sunansa da ranar da lambar ƙorafin da suka ba ki, in da hali ki riƙa bi ta imel. In suka ƙi biya ki ce su ba ki dalili a rubuce, da wannan takardar za ki ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin, in bai yi ba ki kai wa hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora.

Ummu_Haidar:
To na cike fom ɗin na tura da hotuna 4, sun turo min lamba ta imel. Yanzu ina kan kwashe hotunan yara, tabon ya kusa kai tsakiya, ku sa ni a addu'a ta ƙarasa kafin ya rufe.