Maganar bashin gyaran makarantun Houston, mu zaɓi eh ko a'a?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya fahimci wannan abu ya taimaka min. Ina Houston, kuma wannan zaɓen na 5 ga Nuwamba 2024 zan kaɗa ƙuri'a in sha Allah, to na duba samfurin takardar zaɓen sai na ga bayan shugaban ƙasa da sanatoci da alƙalai, can ƙasa akwai tambayoyi biyu na hukumar makarantun gwamnati ta Houston, wato HISD, wai suna neman izinin ciyo bashin dala biliyan 4.4 don gyaran makarantu. Abin da ya ɗaure min kai, takardar da suke rabawa ta ce ba za a ƙara haraji ba, amma a jikin tambayar an rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan ƙarin harajin gida ne. To wanne ne gaskiya? Kuma wa zai biya? Yarana suna firamare, bana so in dangwala abin da ban gane ba.

Malam na Alief:
Wa alaikumus salam Baban Ummi. Duka biyun akwai gaskiya a ciki, bari in maka bayani.

A nan Texas hukumar makaranta tana karɓar harajin gida kashi biyu. Ɗaya na tafiyar da aiki ne, albashin malamai, wuta, man bas da sauransu, ɗayan kuma na biyan bashin gine-gine kawai. In suna son babban gini sai su sayar da takardun lamuni, masu kuɗi su saya, a riƙa biyansu da riba a hankali shekara 20 ko 30 daga wancan kashi na biyu. Ka tuna sukuk ɗin naira biliyan 100 da gwamnatin tarayyar Najeriya ta fitar a 2017 aka yi hanyoyi? To kusan haka ne, sai dai wannan da ruwa ake biya, kuma sai mutanen gari sun yarda da ƙuri'a.

Rubutun nan na manyan baƙaƙe doka ce ta jiha tun 2019, kowace makaranta in za ta nemi irin wannan bashi dole a sa shi ko da ba za a taɓa ma'aunin harajin ba, wato kason da ake karɓa bisa darajar gida. Su kuma da suka ce ba ƙari, nufinsu ma'aunin zai tsaya inda yake, domin tsofaffin basussuka suna ƙarewa kuma darajar gidaje tana hawa, sai sabon bashin ya maye gurbin tsohon. Amma fa ka sani da ba a ciyo sabon ba, ana iya rage ma'aunin, kuma in darajar gidanka ta hau abin da za ka biya zai hau ko da ma'aunin bai motsa ba. Mai haya ma bai tsira ba, mai gida a kuɗin haya zai ɗora masa.

Tambaya ta farko kusan biliyan 3.96 ce ta gine-gine, ta biyu wajen miliyan 440 ta kwamfutoci da kayan fasaha. Ni ba zan gansu a takardata ba don mu a unguwar Alief hukumar makarantunmu daban, haka mutanen Katy da Fort Bend.

Maman Khalil:
Ni dai yaya Baban Ummi eh zan zaɓa, kuma ina roƙon ƴan uwa su yi tunani sosai. Rabon da HISD ta samu irin wannan kuɗi tun 2012, biliyan 1.89, kuma yawancinsa a manyan sakandare aka kashe, firamare da ƙananan sakandare an barsu a haka, wannan karon su ne a gaba. Kowa ya san zafin Houston a watan Agusta, ana ta kawo labarin na'urorin sanyaya ɗaki da suka tsufa suna mutuwa yara na cikin aji, ga maganar dalma a ruwan famfo, ga katanga da ƙofofi na tsaro wanda tun harbin da aka yi wa yara a makarantar firamare a garin Uvalde na Texas a 2022 babu uwar da hankalinta ya kwanta. Yaro ɗan shekara shida ina ruwansa da rigimar manya? Kuma duk shekarar da aka jinkirta kuɗin gini tashi yake, abin da za a yi da dala ɗaya yau gobe ba zai yiwu ba. Masu hali za su cire nasu su kai makarantar kuɗi ko su koma bayan gari, ƴaƴan talaka ne za su zauna a ginin nan.

Abu Sadik:
Hajiya wallahi babu wanda ya musa miki cewa gine-ginen suna buƙatar gyara, har masu adawa sun yarda da wannan. Matsalar ita ce hannun wa za a danƙa wa kuɗin. Tun watan Yuni 2023 jiha ta ƙwace HISD, kwamishinan ilimi Mike Morath ya ajiye zaɓaɓɓun wakilai gefe ya naɗa nasa mutum tara, ya kawo Mike Miles ya zama shugaba. Babu ɗaya daga cikinsu da mutanen Houston suka zaɓa, in suka kashe kuɗin ba daidai ba ba ka da ƙuri'ar da za ka cire su da ita. Ga malamai da shugabannin makarantu da yawa sun tafi, an cire masu kula da laburare a wasu makarantun, iyaye suna ta kuka a zaman hukuma. Bashi mafi girma da wata hukumar makaranta ta taɓa nema a Texas, ruwansa kaɗai biliyoyi ne, ƴaƴanmu za su girma su tarar ana biya, a ce mutanen da ba sa amsa mana tambaya su za su raba kwangilar? Ka duba fa, jam'iyyar Democrat da ta Republican na gundumar Harris, inda Houston take, duk sun ce a ƙi, ga ƙungiyar malamai ma haka, yaushe rabon da ka ga waɗannan sun haɗu a kan abu ɗaya. A maido mana da zaɓaɓɓun wakilai su kawo nasu tsarin, ranar ni ne zan fara zuwa layi in ce eh.

Malam na Alief:
Ƙarin bayani guda biyu. Tambayoyin daban-daban ne, kana iya cewa eh a ta gine-gine ka ce a'a a ta kwamfutoci, kuma a Texas rinjaye kawai ake buƙata, ba kamar Kalifoniya da sai an kai kashi 55 ba. Sannan don Allah a gaya wa ƴan uwa masu girin kad, wato takardar zama ta dindindin, kada su kuskura su je, sai ɗan ƙasa da ya yi rajista, yin zaɓe ba tare da zama ɗan ƙasa ba yana iya jawo a kori mutum daga Amurka gaba ɗaya.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam maganar ruwan nan ta tsaya min a rai, zan tambayi limaminmu ranar Juma'a in ji matsayin wanda ya kaɗa ƙuri'ar amincewa da bashi mai ruwa. Hajiya Maman Khalil, ko kin san inda zan ga jerin makarantun da za a rushe a sake ginawa da waɗanda gyara kawai za a musu? Ina so in ga ta unguwarmu tana ciki ko babu kafin a rufe kaɗa ƙuri'a da wuri, wadda ake yi gabanin ranar zaɓe, ranar 1 ga Nuwamba.