Tsuntsun labarina ya sa ni a tsaka mai wuya, ku taimaka

Bazazzagiya: Salamu alaikum 'yan uwa marubuta. Almara nake rubutawa tun azumin bara, a waya, sau biyu tana gogewa ina sakewa, ga jarrabawa a Samaru, ga Mama na cewa na zama aljana saboda raba dare. A duniyar labarin akwai tsuntsu na sa masa suna Dankaru. Girmansa ya kai jimina, wuyansa ja, ruwan farkon damina kaɗai yake sha, yana sheƙa a ƙololuwar rimi, kuma macen ƙwai ɗaya take yi duk shekara 7. A shafi na 4 na ce rana na faɗuwa yake makancewa. To ga shi a shafi na 31 cikin dare nake so macen ta ɗauke yarinyar daga kan dutse, irin Kufena na zana a raina. Yaya zan yi?

Ɗan Kongo: Ƙanwata, kin ɗaure kanki, kar ki kwance da ƙarya. Ba ki kallon tsuntsayen gaske ne. Cilakowa idan za ta yi ƙwai kogon bishiya take shiga ta liƙe ƙofar da laka, ta bar 'yar tsaga, namijin na miƙo mata abinci. Ki ba taki wannan ɗabi'ar: wadda ta yi watanni a duhun kogo ta koyi tafiya da kunne.

Maman Biyu: Ki gyara shafi na 4 kawai, wa zai tuna? Ni nawa labarin wata ta kwashe shi kaf, ta canza sunaye tana sayarwa. Har yau ban huce ba.

Ɗan Kongo: Hajiya, masu karatu sun fi marubuci riƙe lissafi. Kuma tsuntsu mai jiran ruwan fari, shamuwa ce kika ara, ita ke sauka gab da damina ta tafi in ruwa ya ɗauke. Ina naki yake zuwa da rani? Me yake ci? Ba ki faɗa ba.

Bazazzagiya: Yaya, ban ari shamuwa ba wallahi, a mafarki na gan shi. Kuma a kan reshe yake sheƙa, ba kogo, na riga na rubuta.

Malam na Tudun Wada: Ni dai kar ki sa shi sanin gaibu. Camfin mujiya ma ya ishe mu.

'Yar Sabon Gari: Ki bar yarinyar ta kwana a dutsen mana, asuba ta yi ya zo.

Bazazzagiya: Anti, kuraye ne a ƙasa ai.

Ɗan Kongo: Jimina ma ba ta tashi, balle ta ɗauki mutum. Nauyin yarinyar nawa?

Maman Biyu: Wai a ina kike sakin labarin? Ki dinga sa sunanki a kowane shafi.